Rumbu a gidan wani: Ina littafin bashin 'yan kasuwarmu ya koma?

Ranar da aka yi addu'ar bakwai ta Kawu, ƙanin mahaifiyata, a wani ƙauye da ke ƙasar Makarfi, limamin unguwa ya miƙe ya maimaita sanarwar da aka yi a maƙabarta: duk wanda yake bin marigayi bashi, ko marigayi yake bin sa, ya zo ya sami iyalinsa kafin a zauna rabon gado. Kawu dillalin rake ne, da kaka kuma yakan sayi masara ya zuba a sito ya jira farashi. Ya shafe sama da shekara 30 a wannan sana'a, kuma duk wanda ya san harkar ya san cewa rabinta a kan bashi da amana take tafiya. Manomi ya ba ka rake sai ka sayar ka biya shi. Fatake su yi lodi sai sun sauke a Kudu su aiko. Ga kuma tsofaffi da matan aure da suke kawo 'yan kuɗaɗensu ajiya.

Da dare muka buɗe adakarsa. Muka tarar da littattafai irin na 'yan makaranta an ɗaure su da tsumma, wasu da boko wasu da ajami, kowace shekara da nata. Sunan mutum, garinsu, dami nawa ko buhu nawa, abin da ya bayar da abin da ya saura. Wanda ya gama biya an ja layi a kan sunansa. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya har muka zo na ƙarshe, sai muka ga rubutun ya tsaya cak a farkon 2023. Daga nan sai fararen shafuka.

Babban ɗansa ya dube ni ya ce, "Yaya, ai Baba ya daina rubutu a takarda tun lokacin wahalar kuɗi. Komai yana waya."

Wayar kuwa gilashinta ya fashe a ranar da aka ɗauke shi zuwa asibiti, ta ƙi kawo haske. Washegari muka kai ta wurin wani mai gyara a bakin kasuwa. Ya jujjuya ta, ya ce, "Alhaji, ko rijiya ta faɗa ba abin damuwa ba ne, don lissafin ba a cikinta yake zaune ba, yana can sama. Ku dai kawo mini imel ɗinsa da lambar sirri." Muka kalli juna. A cikinmu babu wanda ya taɓa sanin Kawu yana da imel.

Wannan "sama" da mai gyaran waya ya nuna da yatsa shi ne abin da nake son mu tattauna a wannan mako, domin na lura cewa dukiyar mutane da yawa a Ikara da Makarfi da Kudan ta koma can, alhali masu ita ba su san ta tashi ba.

Abin da Turawa suka yi wa laƙabi da gajimare ba a sama yake ba. Gine-gine ne manya a doron ƙasa, cike da kwamfutoci jere a kan kantoci, da na'urorin sanyaya su, da injinan wuta da ba sa hutawa dare da rana. Kamfanin da ya mallake su yana ba da hayar wurin ajiya da ƙarfin lissafi ga duk mai so, ta hanyar intanet, a biya gwargwadon abin da aka ci. Kafin zuwan wannan tsari, duk kamfanin da yake son ya riƙe bayanansa a kwamfuta sai ya sayi nasa manyan injina, ya ware musu ɗaki, ya ɗauki ma'aikacin da zai kula da su. A 2006 kamfanin Amazon na Amurka ya fara ba da irin wannan haya ga jama'a, Google da Microsoft suka biyo baya. Bahaushe zai fi gane abin idan aka ce masa rumbu ne: maimakon ka gina naka a tsakar gidanka, sai ka kai hatsinka rumbun wani attajiri a wani gari, wanda gara ba ta ci, gobara ba ta cika kamawa, ka riƙa biyan haya, duk lokacin da kake so ka aika a ɗebo maka.

Wannan haya ita ce ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni tasowa. Matashin da ya ƙirƙiri manhajar lissafin shago a Kano ko Legas ba ya buƙatar jarin gina cibiya. Ya kama hayar ɗan lungu, idan masu hulɗa da shi sun ƙaru ya ƙara faɗinsa. Yawancin manhajojin kuɗi da na kasuwanci da ke cikin wayoyinmu a irin wannan rumbu suke zaune. Ke nan duk wanda ya danna su ya zama ɗan haya, ko ya sani ko bai sani ba.

A yankinmu abin ya shigo ne a hankali, ba tare da shela ba. Farkon shigarsa ta WhatsApp ne. Dillali a kasuwar Makarfi ya ɗauki hoton motar rake ya tura wa abokin cinikinsa, su daidaita farashi da saƙon murya. Manomin tumatir a Ikara ya ji yadda kwando ya kwana a kasuwar Mile 12 ta Legas kafin ya yanke shawarar ɗiba ko jinkirtawa. Mai gonar inabi a Kudan ya sa hoton nunannun 'ya'yan itacensa a Facebook, mai saye ya kira shi daga Abuja. Duk waɗannan hotuna da muryoyi sun zama takardun ciniki, kuma wayar Android takan kwafe su ta kai ajiya rumbun Google, matuƙar an saita ta da imel. Sau da yawa yaron da ya sayar da wayar ne yake buɗe imel ɗin cikin minti biyu, ya zaɓi lambar sirrin da ya ga dama, mai waya ya karɓa ya sa a aljihu bai tambaya ba.

Mataki na biyu dole ce ta kawo shi. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Zuwa farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Wanda ya ci kasuwannin ƙauye a waɗannan makonni ba zai manta ba: ga kaya jibge, ga masu saye, babu abin biya. Mai tumatir ya fi kowa shan wuya, domin masara tana jira, tumatir ba ya jira. Gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Amma kafin kuɗi su dawo hannu, ɗabi'a ta riga ta sauya. Dattawan da suka rantse ba za su taɓa yarda da kuɗin da ba su ƙirga da yatsunsu ba, sai ga su suna tambaya, "Alat ya shigo?" Na'urorin POS na kamfanoni irin su Moniepoint da OPay da PalmPay suka cika rumfuna, har wurin mai shayi da mai tsire. A wannan lokaci ne wani yaron Kawu ya saka masa manhajar rubuta bashi a waya, ya nuna masa yadda za ta riƙa tuna masa ranar biya. Littafin takarda ya koma adaka.

Akwai kuma waɗanda suka shiga rumbun da idonsu a buɗe. Misali mafi kusa da mu shi ne kamfanin Babban Gona, wanda Kola Masha ya fara a 2012 a Saulawa ta ƙasar Ikara da manoma kimanin 100, daga baya ya kai ga dubun-dubatar manoma a jihohi da dama. Kamfanin yana haɗa manoma rukuni-rukuni, ya ba su iri da taki a matsayin rance, ya koya musu dabarun noma, da kaka ya karɓi masara ya adana ya nemo mata kasuwa. Malaman gonarsa suna yawo da wayoyi, suna auna faɗin gona, suna ɗaukar hoton shuka, suna shigar da abin da kowane manomi ya karɓa da abin da ya mayar. Aikin da ya shafi mutane masu wannan yawa, warwatse a ƙauyuka, ba zai yiwu da littafi da biro ba. Dole bayanan su taru a wuri guda da mai lura a ofis zai gani a rana ɗaya da malamin da ke bakin gona. Haka nan a ƙananan matakai, za ka sami mai kemis da yake bin ƙarewar wa'adin magungunansa ta manhaja, da makarantar kuɗi da take fitar da sakamakon ɗalibai ta intanet, da mai sayar da taki da yake duba cinikin shagonsa na Hunkuyi yana zaune a Zariya.

Yanzu kuma an shiga wani sabon babi, wanda a ganina ya fi na baya nauyi. Da can rumbun wurin ajiya ne kawai. Yau ya koma mai ba da shaida a kanka. Wasu daga cikin kamfanonin POS suna duba yawan kuɗin da ke ratsa na'urar ɗan kasuwa, su ƙiyasta ƙarfinsa, su yi masa tayin rance ba tare da ya kawo takardar gida ko ta gona ba. Abin da dattawan kasuwa suke yi da, wato su tsaya wa mutum su ce mun san shi, ba ya cin amana, yanzu na'ura ce take yi, da abin da ta gani a lissafinsa. Wannan ƙofa ce ga matashin da ba shi da ubangida, ko da yake yawancin irin wannan rance da ruwa yake zuwa, abin da 'yan kasuwarmu da dama suke gudu. Amma ko mutum ya karɓa ko bai karɓa ba, ya kamata ya san cewa tarihin cinikinsa ya zama kadara mai daraja, kuma a hannun wani take.

Ba zan yi wa abin rowar yabo ba, domin amfaninsa a fili yake. Duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san cewa ba kaya kaɗai wuta take ci ba, har da littattafan bashi, kuma wanda littafinsa ya ƙone ya yi asara biyu. Lissafin da ke rumbun intanet wuta ba ta kai masa, gara ba ta ci, ɗigar damina ba ta jiƙa shi. Direba ba ya buƙatar ɗauko miliyoyi a ƙarƙashin kujera ya ratso dazuka da dare. Yaron shago ya san ubangidansa yana ganin kowane ciniki, don haka zargi ya ragu a tsakaninsu. Macen da take sana'ar mazarƙwaila ko ƙuli-ƙuli a cikin gida tana karɓar kuɗinta kai tsaye, ba sai sun bi ta hannun ɗan aike ba. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya kai hatsinsa rumbun wani gari ya ɗora cin abincinsa a kan lafiyar hanya, kuma mun ga ranar da hanyar ta yanke. A ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin makon farko na azumi, manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa. Mai sayar da ƙanƙara da kayan buɗa-baki a Ikara, wanda bai taɓa ganin teku ba, ya tsaya yana kallon na'urarsa tana juyi saboda abin da ya faru a ƙasan ruwa a wata ƙasa. A watan Oktoba na wannan shekarar kuma, lalacewar manyan layukan wutar lantarki ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, cajin waya kansa ya zama abin bin layi. Kafin nan, a ƙarshen Satumba 2021, an rufe layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna na kusan wata biyu saboda matsalar tsaro. Duk wanda lissafinsa yake rumbun intanet kaɗai, a irin waɗannan ranaku shi da wanda ba shi da lissafi ɗaya suke.

Sai batun haya. Manyan masu rumbun na Amurka ne, kuma da Dala suke ƙiyasta kuɗinsu. Kafin watan Yuni na 2023 Dala ɗaya tana kusan Naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Kamfanonin Najeriya da suke haya a waje suka wayi gari kuɗin hayarsu ya ninka sau uku ba tare da sun ƙara ko taku ɗaya ba, kuma kowa ya san inda irin wannan nauyi yake sauka: a kan 'yan kuɗaɗen da ake cira duk lokacin da aka yi taransifa ko aka zura kati. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Wannan matsi ne ya sa kamfanoni da dama suka fara sake lissafi: wasu suna rage abin da suke ajiyewa a waje, wasu suna raba kayansu gida biyu, wasu suna dawowa wurin masu rumbu na cikin gida da suke karɓar Naira. Su ma manyan sun ga alama. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024. A farkon 2025 Amazon ya fara karɓar Naira, a tsakiyar shekarar kuma MTN ya buɗe katafariyar cibiyar adana bayanai a Legas. Rumbun yana matsowa, amma yawancinsa a Legas ya tsaya, kusa da bakin teku. A Arewa abin da za mu nuna da yatsa shi ne cibiyar da kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone ya gina a Kano.

Akwai kuma tambayar wanda yake leƙa cikin rumbun. Ɗan kasuwar Hausa ba ya son maƙwabcin rumfarsa ya san cinikin da ya yi a yini, amma ga shi ya buɗe wa kamfanin da bai san fuskar mai shi ba dukkan sirrinsa: wa yake saye a wurinsa, nawa, yaushe. Wasu manhajojin ba da bashi har sunayen da ke cikin waya suke kwashewa, kuma an sha ganin yadda suke tozarta wanda ya makara da biya ta hanyar aika saƙo ga danginsa. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, aka kafa hukumar da za ta kula da ita. Dokar ta ba mutum damar ya nemi kwafin bayanan da kamfani yake riƙe da su a kansa, ya nemi a gyara kuskure, a wasu halaye ma ya nemi a goge. Haƙƙi ne mai kyau, amma haƙƙin da mai shi bai san da shi ba kamar gonar gado ce da ba a nuna wa magaji iyakarta ba.

Duk waɗannan matsaloli daga nesa suke tasowa, kuma gyaransu ya fi ƙarfin ɗan kasuwa ɗaya. Wadda ta ci mu a gidan Kawu kuwa a hannunmu take, ita ce ta mabuɗi.

Da muka bi diddigi, sai muka gano cewa layin da Kawu yake harka da shi ba da sunansa aka yi masa rajista ba. Wani tsohon yaronsa ne ya saya masa shekarun baya, ya yi rajista da nasa sunan, yaron kuma ya daɗe da tafiya ci-rani Kudu. Imel ɗin, mai shagon waya ne ya buɗe, ya kuma rantse ya manta abin da ya sa. Mun yi sa'a sim ɗin bai lalace ba, muka sa shi a wata waya, saƙon tabbatarwa ya shigo, da haka muka samu muka sake buɗe imel ɗin, hirarrakin WhatsApp suka dawo. Asusun banki kuma sai da muka samo takardar kotu kafin a ba mu bayanin shige da fice. Manhajar rubuta bashin ce ta gagare mu. Tana neman wata lambar sirri ta daban, muka rubuta wa kamfanin har sau uku, amsar da muke samu ɗaya ce, ta na'ura, da Turanci. Kusan wata uku muna wannan fama, gado yana jiran mu.

Bayanin banki ya nuna mana kuɗi sun shiga, kuɗi sun fita, amma bai faɗi dalili ba. Naira dubu 400 da ta shigo daga wani suna, biyan bashi ce, ko kafin alƙalami ne na raken da ba a kai ba? Muka zauna dare da dare muna sauraron saƙonnin murya, muryar Kawu tana tashi a tsakar ɗaki, iyalinsa suna kuka, mu kuma muna rubutawa. Wani bawan Allah ya taso tun daga ƙasar Kudan ya kawo kuɗin buhu 12 na masara da babu wanda ya san da su, ya ce ba zai iya kwana da haƙƙin marayu ba. Wani kuma ya zo da da'awar da ba mu da abin gaskata ta ko ƙaryata ta, aka yi sulhu a kan rabi, har yau zuciyata ba ta kwanta da wannan sulhu ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai wata tsohuwa ce, maƙwabciyarsu, da take tara kuɗin Hajji a wurinsa shekara da shekaru. Ajiyarta ta farko tana cikin littattafan adaka, dalla-dalla, da kwanan wata. Ta bayan 2023 kuwa tana cikin manhajar da ta ƙi buɗewa. Na tambaye ta, "Inna, nawa ne jimillar abin da kika ba shi?" Ta ce, "Ɗan nan, ni ina na sani? Shi ne mai rubutawa." Magada suka yarda aka ƙiyasta bisa abin da ta saba kawowa, aka ƙara mata wani abu a kai don a fita haƙƙi. Ko an cika mata ko an tauye ta, Allah kaɗai Ya sani. Kawu mutum ne mai amana, kuma ya rubuta. Inda ya rubuta ɗin ne ya kulle, ya tafi da mabuɗin.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take magana. Hikimar rubutu ita ce a iya karanta shi ranar da aka buƙata, ko mai shi yana nan ko ba ya nan. Littafin adaka ya cika wannan sharaɗi, domin duk ɗan da ya iya karatu zai buɗe. Lissafin waya ba ya cika shi sai an yi masa tanadi.

Tanadin kuwa ba mai wuya ba ne. Layin da kake kasuwanci da shi ya kasance da sunanka da lambarka ta NIN, domin shi ne ƙofar asusunka, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. Ka san imel ɗinka, ka sauya lambar sirrin da mai shago ya sa maka. Ka rubuta lambobin sirrinka a takarda, ka rufe a ambulan, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida da na gona, mutum ɗaya amintacce ya san wurin. Kada ka faɗa wa kowa su ta waya, ko da ya ce daga banki yake. Duk ƙarshen wata, ko aƙalla duk ƙarshen kaka, ka sa a buga maka jerin masu bin ka da waɗanda kake bi a takarda, ka sa hannu. Idan ka tura kuɗi, ka rubuta dalili a gurbin da aka tanada, ko da kalma biyu ce. Kafin ka ɗora lissafinka a kan wata manhaja, ka tambaya: idan na so tashi, zan iya kwashe kayana? Idan kamfanin ya rufe fa? Magada kuma su sani cewa lokaci ba ya jiran su: WhatsApp yakan goge asusun da ya yi kimanin kwana 120 ba a hau shi ba, Google kuma ya tanadi goge wanda ya shekara biyu a yashe. Shi Google ɗin yana da tsarin da mutum zai ambaci amintaccen da za a miƙa wa bayanansa idan aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, kyauta ne, amma kaɗan ne a cikinmu suka san da shi.

Shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin dillalai a Makarfi da Ikara da Hunkuyi suna da rawar takawa. Yadda suke sasanta rikicin awo da na la'ada, haka ya kamata su ware rana su gayyato masu ilimin abin su yi wa mambobinsu bayani da Hausa. Kamfanonin da suke cin riba a kasuwanninmu su sa Hausa a manhajojinsu, su samar da mutum mai rai da za a yi magana da shi, su kuma fito da hanya bayyananniya da magaji zai bi idan ya zo da takardar kotu. Malamanmu da alƙalan kotunan shari'a su fara sa tambayar waya da asusun intanet cikin abin da ake bincika kafin rabon gado. Gwamnati kuma ta san cewa wayar intanet da za ta ratsa ƙananan hukumomi, da wutar da za ta riƙe turakun sadarwa, yanzu matsayinsu ɗaya da hanyar da motar tumatir take bi.

Ɗalibanmu da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello da sauran makarantun Zariya, ga aiki a ƙofar gidanku. Manhajar da dillalin rake yake buƙata ba a rubuta ta ba tukuna: wadda ta san dami da kwando da tiya, take jin Hausa da murya, take aiki ko babu sabis ta aika daga baya, take ba mai bashi da wanda ake bi kwafi iri ɗaya, ta kuma tanadi magaji tun ranar buɗe asusu. Wanda ya taso a cikin kasuwar ne zai iya gina ta, kuma hayar rumbun da zai fara da ita ba ta kai kuɗin babur ba.

Babban ɗan Kawu ya gaji sana'ar. Yana da POS, yana ciniki ta WhatsApp fiye da yadda mahaifinsa ya yi, ban kuma ce ya bari ba, domin idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Amma ranar da na kai musu ziyara bayan an gama rabo, na tarar ya sayi sabon littafi mai kauri. Duk daren Juma'a yakan zauna ya kwafe bashin mako daga waya zuwa takarda, ƙaninsa ya sa hannu a ƙasa a matsayin shaida, a mayar da littafin cikin adakar nan, a kan na mahaifinsu. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sauke masa nauyin da bai yi niyyar ɗauka ba, mu kuma Ya ba mu ikon gyara namu tun muna da hali.